Agya Nsiah, Wanda Ya Sa wa Kyautar Baƙi Zarto

Shara da gadin ƙofa aka ɗauki Agya Nsiah ya yi a gidan tsofaffin nan namu da ke bayan garin Kumasi, amma cikin shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa ganin ya fara da tsintsiya. Da ya iso da safe sai ya rataye hularsa a reshen bishiyar piya, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi yadda aka tashi, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sandar mai ɗakin, ya juya ta kai ƙasa gindi sama, ya ƙura wa robar ƙarshenta ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Gyaran takalma ne sana'arsa ta fari, a bakin tasha. Can ya saba da gane tafiyar mutum daga dunduniyar takalminsa, ya zo da wannan idon gidan tsofaffi.

"Maame Dufie, ƙugun nan na hagu ya sake tashi."

"Wa ya gaya maka? Lafiyata lau."

"Robarki ta cinye ta gefe guda."

"To tambayi robar me za a dafa yau, tunda ita ce ta san cikina. Tsohon banza, kullum kana leƙen gindin sandunan mata."

"Na mazan ma ina leƙawa, Maame."

"Wannan kuma tsakaninka da matarka."

Maame Dufie busasshen kifi ta sayar a kasuwa har ƙarfinta ya ƙare. 'Yar ƙanƙanuwa ce, da kyar kanta yake kai ƙirjin mutum, amma bakinta ya ishi gidan gaba ɗaya. Tana zaginsa yana yanka mata sabuwar roba daga tsohuwar tayar mota, yana naɗe mariƙin sandar da tsumma mai laushi saboda tafin hannunta. Ba shi da abin awo. Sai dai ya ce wa mutum ya miƙe ya saki hannuwansa, inda wuyan hannu ya tsaya, nan kan sanda zai tsaya. Haka ya auna kowane tsoho da ya shigo gidan nan, mai kuɗi da wanda aka tsinto a baranda.

Ma'aikatan jinya suna tuna yadda ya gano abin da ke kayar da Opanyin Bediako. Shi Opanyin shekara arba'in ya yi yana tuƙa motar katako zuwa bakin teku, gwiwar hagu ta lalace a kan kuloci, don haka da hannun dama yake dogara sanda. Sau biyu ya faɗi a baranda cikin wata ɗaya, aka yi ta gwada jininsa ana canza masa magani. Agya Nsiah ne ya lura cewa duka faɗuwar biyu ranar Lahadi ce, ranar da baƙi suke zuwa. Dattijo ne da ba ya fita sai ya yafa mayafinsa, babban zanen da mazan nan suke naɗawa, a kafaɗar hagu, hannun hagu yana riƙe da shi. Idan baƙo ya miƙo hannu, da wanne zai gaisa? Ba zai ba ɗan mutane hagu ba ko da za a yanka shi. Sai ya saki sandar ta faɗi, shi ma ya bi ta. Agya bai gaya wa kowa ba a lokacin. Ya ɗauko basilla ya ɗinka wa sandar maɗaukin fata da zai riƙe ta a wuyan hannu. Opanyin ya duba ya ce fatar tana warin bunsuru, amma bai ƙara faɗuwa ba.

Kai ne ka san cewa tsoho ba ƙafa kaɗai yake tafiya da ita ba, Agya. Akwai mutuncinsa da yake ɗauke da shi, shi ma yana son hannun da zai riƙe shi.

A farkon daminar bara wata ƙungiya daga ƙasar waje, wadda ita ce take aiko wa gidan da maganin hawan jini, ta aiko da kyauta: ƙarafan tafiya guda goma sha huɗu, irin masu ƙafa huɗu da ake kamawa da hannu biyu a tura gaba. Farare tas, marasa nauyi, kowanne da lambarsa a manne. Shugabar gida, Madam Konadu, ta sa hannu a takarda cewa za a yi amfani da su yadda suka zo, kuma ba za a ƙara barin tsoho ya dogara itace ba, don masu kyautar sun ce itace yana kayar da mutane. Aka bi ɗakuna aka tattara sanduna aka zuba a sito. Masu fenti da suka zo gyara gida kafin isowar baƙi suka kwashe tarkacen siton duka suka loda wa motar shara. Ba wanda ya yi da mugunta. Ba wanda ya tambaya ne kawai.

Agya Nsiah ya zagaya ƙarafan nan ya ga abin da ya gani. An yi su ne don dogayen mutane masu tafiya a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. Ko da aka sauke na Maame Dufie zuwa huda ta ƙarshe, mariƙinsa a haƙarƙarinta yake tsayawa, sai ta ɗaga kafaɗu har kunne kafin ta tura. Sun fi ƙofar bayan gida faɗi. Tsakuwar tsakar gida tana riƙe musu ƙafa. Opanyin Bediako kuwa ranar farko da ya kama nasa da hannu biyu, mayafinsa ya zame ya faɗi ƙasa a gaban 'yan matan jinya, ya tsaya daga shi sai gajeren wando. Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Ya sa wa ƙarfen suna tirela.

Bayan kwana goma wata budurwa mai ladabi ta zo daga ofishin ƙungiyar da takardu a hannu. A kowace takarda an zana fuska uku: mai murmushi, mai shiru, mai ɓacin rai. Ta durƙusa a gaban Maame Dufie, ta kira ta Nana, yadda ake kiran tsoho a nan, mace ko namiji.

"Nana, yaya kike jin abin tafiyar nan?"

"Mun gode, 'yata. Allah ya ƙara wa masu shi."

"Ba ya sa miki ciwo a wani wuri?"

"Mun gode ƙwarai. Ki gaishe su."

Hannuwanta suna cikin zane, tafukan duk sun yi bororo. Budurwar ta sa alama a kan mai murmushi. Ta shiga wurin Opanyin.

"Nana, kai fa?"

"Mota ce mai kyau. Tunda aka ba ni ita ba ta taɓa yin hatsari ba."

Nan ma mai murmushi. Sai da ta fita ya ƙarasa maganarsa, ya ce motar da ba ta bar gareji ba ina za ta yi hatsari.

Ba ƙarya suka yi mata ba. Ba a kushe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, sai ma a bi shi washegari a ƙara gode masa. Budurwar 'yar gari ce, ta san haka, amma takardarta ba ta da wurin rubuta shi. Da ta juya ƙarfe ɗaya ta dubi ƙafarsa, da ta ga robar sabuwa fil kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Agya Nsiah yana tsaye a baranda da tsintsiya ta wuce shi ta gaishe shi. Ya amsa gaisuwar. Bai nuna mata robar ba. Har yau idan aka tayar da zancen ranar nan sai ya sunkuyar da kai.

Sai gidan ya yi shiru. Barandar da ake cika ta da hantsi ana musun ƙwallo da zancen wanda ya mutu a garin wane, ta koma kujeru zalla. Abinci a ɗaki, wanka a ɗaki, fo a ƙarƙashin gado. Mu masu wanki mu muka fara ganin alamar, don zannuwan gado sun ninka. Agya yana bin ɗakuna da safe kamar kullum, amma ba abin da zai juya ya duba.

Ana cikin haka aka aiko cewa yayar Opanyin Bediako ta rasu a garin Effiduase, an sa jana'iza Asabar ta uku mai zuwa, don a nan ba a gaggawar jana'izar babba. Shi ne babban da ya rage a ɗakin uwarsu. Dole ya zauna a gaba cikin baƙin mayafi a zo a gaishe shi, dole kuma ya tashi ya bi layin baƙi daga dama zuwa hagu yana mayar da gaisuwa hannu da hannu. Ɗan marigayiyar ya zo ya ce za su ari keken guragu.

"Keke? Ka tura ni gaban surukai kamar buhun rogo?"

"Kawu, to ka zauna, kowa ya san ba ka da lafiya."

"Uwarka ce ta goya ni da ciwon ƙyanda. In ba zan je a tsaye ba, ku tanadi akwati biyu."

Agya Nsiah ya sassaƙa masa sandar itace a ɓoye, suka gwada a cikin ɗaki. Ba ta yi ba. Makonnin da ya yi a zaune sun cinye masa cinyoyi, da ya saki sandar don ya miƙa hannu sai jikinsa ya ɗauki rawa. Yanzu abin da yake bukata sanda ce mai faɗin gindi, wadda za ta tsaya da kanta a gefensa ya jingina cinya yayin da yake gaisawa, kuma marar nauyi yadda hannu ɗaya zai ɗaga. Itace ba zai yi ba. Ƙarfen da zai yi yana nan a kusurwar ɗaki da lamba bakwai a jikinsa.

Ya je ofis ya cire hula.

"Madam, ina roƙon a ba ni tirelar Opanyin in rage ta."

"Ka rage ta yaya?"

"Da zarto."

"Agya, na sa hannu. Suna iya zuwa kowace rana su ƙirga. Idan suka ji haushi suka tsayar da magani, kai za ka ba tsofaffin nan?"

"Maganin yana sa su rayu, Madam. Amma a kwance."

"Saura maka shekara biyu ka yi ritaya ka fita ta ƙofar gaba, a yi maka taro. Kada ka ja wa kanka, kada ka ja mini."

Ya mayar da hularsa ya fita. Mako biyu ya yi yana share tsakar gidan da ba mai taka ta. Mutum ne mai shekara sittin da uku, matarsa ba ta gani sosai, ba shi da gona. Ya san abin da yake aunawa.

Ranar Alhamis ta ƙarshe, da rana tsaka, ya ɗauko lamba bakwai ya kawo ta bayan igiyar shanya. Bai ɓuya ba. Muna wanki muka ji kukan zarto. Ya yanke ƙafa ɗaya da mariƙinta ta zama sanda, ya yayyanka sauran guntu-guntu ya yi mata ƙananan ƙafafu huɗu ya ɗaure da noti, ya sa wa kowace takalmin taya. Ya kai wa Opanyin ya ce ya miƙe ya saki hannu. Ya koma ya rage faɗin yatsa biyu.

Asabar ranar hutunsa ce, amma ya sa baƙaƙen kaya ya bi su Effiduase. Da lokacin mayar da gaisuwa ya yi, Opanyin ya gyara mayafinsa ya miƙe. Ya kafa sandar, ya sake ta, ta tsaya. Ya ba na farko hannu. Ya ɗaga ta, taku biyu, ya sake kafawa. Layi uku ne a ƙarƙashin rumfa, ana kiɗa, rana tana dukan ƙeya. Agya yana bayansa taku biyu, hannuwansa a buɗe, bai taɓa shi ba ko sau ɗaya. Da suka kai ƙarshen layi na uku gumi ya jiƙe dattijon sharkaf, ya juyo ya ce, "Kai kuma me kake bi na kamar kwandasta? Je ka nemo mini ruwa."

Ranar Litinin Madam Konadu ta kira shi.

"Ina lamba bakwai?"

"Tana nan, Madam. Ta je jana'iza ta dawo."

Ba ta yi dariya ba. Kwamitin gida ya zauna da yamma, aka rubuta masa takarda cewa ya lalata kayan gida da gangan bayan an hana shi, ya ajiye makulli ranar Juma'a. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce tunda dai korar guda ɗaya ce, gara ta zama ta goma sha huɗu. Kwana huɗun nan bai taɓa tsintsiya ba. Ya bi sauran ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, wani ya rage masa tsawo, wani ya matse faɗinsa don ya shiga bayan gida, wani ya sa masa ƙugiyar rataye kwano. Tagar ofis tana kallon igiyar shanya. Madam ta tashi ta rufe tagar, ba ta fito ba. Mun riƙe mata wannan alherin na ƙyale shi, ko da yake shi kaɗai ne.

Na Maame Dufie ya fara yi. Sai dai a kwance ya aune ta, don mako biyar ke nan ba ta sa ƙafa a ƙasa ba. Ya kawo mata shi daidai jikinta, mariƙin a naɗe da tsumma. Aka zaunar da ita a bakin gado. Ta kama, ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Ta sake yunƙurawa. Sau huɗu. Ya tsaya yana jiran ta zage shi, ta ce ya yi mata abin wasan yara, ta ce tsumman yana wari. Sai ta saki ƙarfen ta gyara zanenta, ta dubi bango.

"Na gode, Agya. Allah ya saka."

Shekara tara tana gidan nan ba ta taɓa gode masa ba. Ya fita ya zauna a kan bokitin da aka kife a bayan shanya, zarton a cinyarsa, ya daɗe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mako biyar ina tsoron takarda."

Ranar Juma'a ya ajiye makulli ya ɗauki hularsa. Ba taro, ba lemo, ba jawabi. Mu ma'aikata muna tsaye muna kallo, ba wanda ya buɗe baki, har da mai rubuta wannan. Tsofaffi takwas ne suka raka shi bakin ƙofa da ƙafafunsu, ƙarafan suna ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa.

Bayan wata biyu rahoton ƙungiyar ya iso, an manna shi a bangon ofis da hoto mai launi. Ya ce dukkan tsofaffi goma sha huɗu sun gamsu da abin tafiyarsu. An ce saboda wannan nasara za a aika irinsu wasu gidajen. Maganin yana zuwa kamar da. Ba wanda ya zo ya ƙirga komai har yau.

Kai ne ka ɗauki shekara ashirin da shida kana durƙusa wa ƙafafun da 'ya'yan cikinsu ba su da lokacin dubawa. Baduku mai idon likita. Kai ne aka hana, ka ji tsoro kamar kowa, sannan ka yi. Ba a rubuta sunanka a ko'ina ba sai a takardar kora. Yanzu kana zaune a mararrabar hanya da akwatin gyaran takalma kamar yadda ka fara, furfura ta cika kai, an hana ka shiga gidan da ka san nauyin takun kowa a cikinsa. Idan roba ta cinye, a cikin ƙullin wanki ake fito maka da ƙarfen, ka gyara, a mayar. Opanyin Bediako ya ce a gaya maka sandarsa tana ƙara kamar motar da ba a sa wa giris ba, kuma in ba ka iya aiki ba ka faɗa a nemo wani. Da aka isar maka ka yi dariya har ka share ido.

Godiya ta yi arha a gidan nan, Agya, har mutum yana jin nauyin furta ta a gabanka. Amma ba mu da wata kalmar. Mun gode, mu da muka ga abin da ka yi muka yi shiru. Allah ya ba ka wanda zai auna ka ranar da naka ƙafafun suka gaji.

Ku kuma masu karatu, kusan kowa yana da tsoho, a gida ko a irin gidanmu. Kafin ku saya masa abin dogarawa, ku sa ya miƙe ku ga inda hannunsa ya tsaya. Ku duba ƙofar da zai shiga, da kayan da yake sawa, da hannun da yake gaisawa da shi. Idan kun tambaye shi ya yi saurin cewa ya gode, kada ku tashi. Ku buɗe tafin hannunsa. Ku zauna har sai ya fara mita, a nan ne zai gaya muku gaskiya. Idan kuma kun ga abin da za a gyara, ku gyara a ranar, ko da akwai takardar da ta hana.

Ƙarfen Maame Dufie yana nan a gefen gadonta, daidai wuyan hannunta, ba ƙari ba ragi. Tawul ake shanyawa a kansa.